FARILLA: TAFIYAR KALMA ƊAYA A BAKIN MUSULMIN DUNIYA

Yau a wannan fili namu na Hausa za mu yi hira bisa wata kalma wadda babu Bahaushen da bai san ta ba, tun daga Gaya har Gure, tun daga Maraɗi har Agadas. Yaro yakan fara jin ta a makarantar allo, ranar da malam ya zaunar da shi gaban buta yana koya masa alwala. Ita ce kuma take raka tsoho zuwa makwancinsa, domin wankan gawa, da sa mata likkafani, da yi mata salla, da binne ta, duka farilla ne. Kowa ya san kalmar, amma kaɗan ne suka san inda ta fito, da hanyar da ta biyo, da irin ƴan'uwan da take da su a bakin sauran al'ummomi. Wanda ya san asalin kalma shi ya fi iya aje ta inda ta dace. Mu kuwa yau mun shiga ɗora nauyin farilla bisa abubuwan da ba su ne farilla ba, muna sakin waɗanda su ne.

ASALIN KALMAR

Farilla Larabci ce. Larabawa suna cewa farida, ko fardu, jam'inta fara'id. Tushenta baƙaƙe uku ne: fa, da ra, da baƙin nan da malaman allo suke kira lodi, ƙanen sodi. Tun kafin zuwan Musulunci Larabawa suna aiki da wannan tushe, kuma ma'anarsa ta fari ita ce tsaga abu mai ƙarfi. Manyan ƙamusoshinsu, irin su Lisanul Arab na Ibn Manzur wanda ya rasu a Masar cikin 1311, sun nuna cewa ƴar tsagar nan da maharbi yake yi a ƙarshen baka, inda tsirkiya take zama, sunanta fardu. Haka kuma gurbin da yake a gaɓar kogi, inda mutane suke gangarawa ɗibar ruwa, jirage kuma suke tsayawa, sunansa furda.

Daga nan ma'anar ta tashi zuwa ga abin da aka yanke, aka auna, aka sa masa iyaka. Tsaga a jikin icce ba ta gogewa, kuma ba ta matsawa daga wurinta. Dubi farillan addini ku gani: kowace da ma'auninta. Salla 5 ce a yini, raka'a 17: Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Lisha 4. Azumi wata guda ne, kwana 29 ko 30, an kuma wajabta shi cikin shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin 40. Hajji sau ɗaya ne a rayuwa, ga wanda ya sami iko. Babu mai ƙara raka'a ta biyar ga Azahar don ya fi kowa tsoron Allah.

Akwai wani abin lura. Kalmar farida, a wannan siffa tata, ta zo sau 6 cikin Alƙur'ani, a surori uku: Baƙara, da Nisa'i, da Tauba. Sau 4 ana maganar sadakin mace ne, sau ɗaya rabon gado, sau ɗaya kuma mutane iri 8 da ake bai wa zakka. Ke nan duk inda ta zo, haƙƙin wani ne da yake cikin dukiyar wani. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

YADDA LODI YA ZAMA LAM

To, me ya sa Balarabe ya ce farida, Bahaushe ya ce farilla? Wasu suna tsammani lauyewar harshe ce ta Bahaushe. Abin ya fi haka tsufa. Larabawa da kansu suna yi wa harshensu kirari da harshen lodi, saboda wuyar furta wannan baƙi. Sibawaihi, babban malamin nahawu na Basra wanda ya rasu wajen ƙarshen ƙarni na 8, ya bayyana cewa mafitar lodi gefen harshe ce tare da haƙoran tauna. Sautin da yake fita ta gefen harshe kuwa dangin lam ne. Daga baya furucin ya sake a bakin Larabawa, wasu suka mai da shi da mai nauyi, wasu za mai nauyi. Amma a wurare da dama na nesa, inuwar tsohon furucin ta saura.

Hausa cike take da shaidu. Alƙali daga alƙadi ne. Alwala daga alwudu'u. Larura daga darura, liyafa daga diyafa, lamiri daga damir, lamuni daga daman, haila daga haida, layya daga dahiyya. Tsofaffinmu Ramalan suke cewa, ba Ramadan ba. Duk waɗannan lodi ne a rubutun Larabci, lam a bakin Bahaushe. Ba mu kaɗai ba ne. Fulani farilla suke cewa, haka ma Zabarmawa da Sanwayawa. Mutanen Somaliya suna cewa faral. Musulmin kudancin Indiya, masu harsunan Tamil da Malayalam, suna cewa farlu, suna kuma kiran watan azumi Ramalan, kamar a Tasawa aka haife su.

Har Turai abin ya kai. Musulmi sun shiga ƙasar Andalus cikin 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnada bai faɗi ba sai 1492. Har yau a harshen Sifaniya magajin gari sunansa alkalde. Alƙalinmu ne wannan, da lam ɗinsa, ya sake riga.

A cikin Hausa kanta kalmar ta yi rassa. Akwai farilla, jam'inta farillai. Akwai farali. Akwai farlu, wadda malamai suke sa wa cikin farlu ainin da farlu kifaya. Akwai aikatau, a ce Allah ya faralta azumi. Akwai fara'ili, ilmin rabon gado. Mutanen Gobir da Adar da Arewa kuwa, masu cewa hwari da hwaɗa, hwarilla suke cewa.

HANYAR FARISA DA SAURAN HANYOYI

Da kalmar ta nufi gabas sai ta bi ta bakin Farisawa. Su ba su da lodi a harshensu, sai suka furta shi za, suka ce farz. Farisanci kuwa ya yi ƙarnoni yana harshen fada da na karatu tun daga ƙasar Turkawa har Indiya, saboda haka duk wanda ya karɓi addini ta wannan hanya farz ya karɓa. Turkawa farz suke cewa, haka masu harshen Urdu a Pakistan da Indiya, haka mutanen Uzbekistan. Daular Usmaniyya ta kai ta Bosniya da Albaniya. A waɗannan ƙasashe watan azumi Ramazan ne. Mutanen Kazakistan, waɗanda asalin harshensu ba shi da fa, suka mai da ita pariz.

Waswahili na gaɓar tekun gabashin Afirka, waɗanda suka daɗe suna cuɗanya da Larabawan Oman da Yaman, suna cewa faradhi. Wolof na Senegal suna cewa farata. A Maleziya da Indunusiya kuwa kalmar sau biyu ta shiga. Akwai fardu, ta malamai da littattafai. Akwai kuma perlu, mai lam, wadda ta sauka kasuwa ta zama kalmar yau da kullum, ma'anarta buƙata. Mutumin Jakarta da yake buƙatar mota ko kuɗi perlu zai ce, ko Musulmi ne ko Kirista, galibi bai san daga littafin fiƙihu ta fito ba.

Irin wannan yaɗuwar ma'ana ta auku a wurare da yawa. A Urdu da Hindi, farz shi ne nauyin da yake kan soja ga ƙasarsa, ko ɗa ga uwayensa. Masu sha'awar silimar Indiya za su tuna da fim ɗin nan mai suna Farz na 1967, wanda Jeetendra ya fito a ciki. A Maroko da Aljeriya da Tunisiya, aikin da malamin lakwal yake ba ɗalibai fardu ne. Farisawa da Turkawa kuma, idan za su ce mu ɗauka abu kaza ya auku, da farz suke faɗinsa. Mu a nan sai mu ce mu ƙaddara, ita ma Larabci ce, ita ma asalinta awo. Bahaushe shi ma ya fitar da kalmar daga masallaci. Idan aka matsa masa ya ce, ai ba farilla ba ce. Idan mutum ba ya fashin wurin shayi a ce ya mai da shi farilla.

Kalmar har ta taɓa zama tutar jama'a. A ƙasar Bengal, wani malami mai suna Haji Shari'atullah, wanda ya rayu daga 1781 zuwa 1840, ya komo daga Makka cikin 1818 ya tarar talakawa manoma sun nutse cikin al'adu sun bar ginshiƙan addini. Ya kira su zuwa ga riƙon farillai, aka sa wa mabiyansa suna Fara'izi, wato ƴan farilla. A hannun ɗansa Dudu Miyan ƙungiyar ta tsaya wa manoma a gaban masu ƙasa da suke tatsarsu. Wannan kuwa shekaru kaɗan ne bayan jihadin 1804 na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta cikin ƙasar Gobir.

FARILLA DA WAJIBI

Kalmar ta iso ƙasar Hausa ne tare da fatake da malamai. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Almagili ya bi ta Tigidda cikin ƙasar Abzin, ya sauka Kano da Katsina, ya je Gawo. Littattafan Malikiyya ne har gobe ake biyawa a zaure: Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, da Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan wanda ya rasu cikin 996, da Muhtasar na Halil. Kasancewar Bahaushe da Bafillace da Bazabarme furuci ɗaya suke yi wa kalmar, alama ce ta cewa a tabarma ɗaya kakanninsu suka yi karatu.

Waɗannan littattafai sun kasa ayyukan ɗan Adam kashi 5: farilla, wadda mai yi yana da lada, mai bari yana da zunubi, mustahabbi, mai lada amma babu zunubi ga mai bari, halal, wanda yi da bari duk ɗaya, makaruhi, wanda barinsa ya fi, sai haram. A wurin Malikawa farilla da wajibi abu ɗaya ne, sai fa a babin hajji, inda ake gyara wajibi da yanka amma rukuni ba ya gyaruwa. Mabiya Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu cikin 767, su sun raba. A wurinsu farz shi ne abin da ya tabbata da hujja yankakkiya, wajibi kuwa hujjarsa ba ta kai wannan ƙarfi ba. Shi ya sa wutiri wajibi ne ga Baturke da Bapakistane, ga Malikawa kuwa sunna ce mai ƙarfi.

Ko ƙidayar farillan alwala ba ɗaya ba ce. Almajirinmu ya hardace 7: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da jinkiri ba. Hanafawa 4 suke ƙirgawa, Shafi'awa 6. Bamalike yana shafar kai duka, Bahanafe rubu'in kai ya ishe shi, Bashafi'e ko wani yanki kaɗan. Saboda haka alhajin da ya ga wani a Makka yana alwala ba irin tasa ba, kada ya yi gaggawar cewa jahili ne. Mai yiwuwa malaminsa ya fi naka zurfi.

ABIN DA YAKE KAN KOWA, DA ABIN DA YAKE KAN GARI

Farilla iri biyu ce. Farlu ainin ita ce wadda take kan kowane baligi mai hankali, wani ba ya ɗauke wa wani, kamar salla da azumi da sanin hukuncinsu. Farlu kifaya kuwa kan jama'a take: idan wasu suka yi, an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Misalin da aka fi sani shi ne jana'iza, shi ya sa da yawa suke tsammani nan ta tsaya.

Ba nan ta tsaya ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya bayyana cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ilmin likita da ilmin lissafi farlu kifaya ne, haka ma sana'o'in da zaman duniya ba ya yiwuwa sai da su, irin su noma da saƙa. Har ya yi kukan cewa a zamaninsa ana samun gari cike da masu gardamar fiƙihu amma babu Musulmi likita. Mu auna kanmu da wannan ma'auni. Garin da mace za ta kwana biyu bisa gwiwa babu ungozoma mai ilmi, garin da rijiya za ta rufta a rasa mai gyara ta, garin da babu wanda ya iya lissafin gado, akwai farilla a wuyan mutanensa da ba su sauke ba. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa, amma ya hana ɗiyarsa zuwa lakwal, ina yake so likita mace ta fito? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shehu Usmanu kansa, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da suke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da ɗiyansu cikin duhu. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin ƴan taru, mata suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini.

FARILLAR DA AKA FI TAKEWA

Yanzu sai mu komo ga abin da muka ce mai karatu ya riƙe. Ilmi guda ne cikin ilmomin Musulunci aka sa wa sunan wannan kalma kacokan, shi ne fara'ili. Kason da aka yanke guda 6 ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Saboda wuyar wannan lissafi ne Alhawarizmi, malamin Bagadaza, ya ba da babban yanki na littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta wajen 820, ga matsalolin wasiyya da gado.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da ƴaƴa maza 2, da ɗiya ɗaya. Da farko a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Mu ƙaddara abin da ya saura damin gero 240 ne. Matar tana da sumuni, dami 30. Uwa tana da sudusi, dami 40. Saura 170, a kasa 5: kowane namiji 68, ɗiya 34. Yadda aka raba gero haka za a raba gona, da gida, da bisashe, domin shari'a ba ta ware gona ta ce ta maza ce ba.

Amma mene ne muke gani a karkara? Sau da yawa a raba tufafi da ƙwarya da ƴan kuɗi, idan aka zo kan gona sai a ce mace ta gidan wani ce, ƴan'uwanta maza su riƙe mata. Riƙon nan ba ya ƙarewa. Ranar da aurenta ya mutu, ko mijinta ya rasu, ta komo da ƴaƴa ba ta da ko taki ɗaya na shuka. Kafin ma a kai ga rabo, sau nawa ake buɗe rumbun marayu a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, alhali mamacin bashi yana wuyansa? Biyan bashin farilla ne, abincin taron kuwa al'ada ce.

Haka abin yake a sauran sha'anoni. Layya sunna ce ga mai iko, ragon suna ma bai kai farilla ba, amma sai ka ga magidanci ya ci bashi mai ruwa don kada maƙwabta su yi masa dariya. Sadaki shi ne farilla, mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ko dirhami 3, kuma na amarya ne ita kaɗai. Akwatunan lefe da gara da kayan ɗaki al'ada ce, amma su ne suke hana samari aure, su ne suke sa uba ya sai da gona. A gefe guda ga zakkar hatsi: idan amfanin gona ya kai nisabi, wato sa'i 300, ɗaya cikin 10 ne ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 ga shinkafa ko alkamar da aka shayar da wahala. Mutum nawa ne suke auna wannan da irin himmar da suke auna kayan biki? An bar jaki ana dukan taiki.

Ba muna cewa a yar da al'ada ba ne. Al'ada mai kyau gishirin zumunci ce, mai hali ya yi gwargwadon halinsa. Abin da muke cewa shi ne a kira kowane abu da sunansa. Idan aka ce maka abu kaza dole ne, tambayi mai faɗin: dolen Allah ko dolen mutane? Idan ka rasa amsa, malamai suna nan a kowace unguwa, tambaya kuwa rabin ilmi ce. Maharbin da ya bar tsagar baka ya ɗaura tsirkiya inda ya ga dama, kibiyarsa ba ta zuwa ko'ina.

Allah ya ba mu ikon sauke abin da ya ɗora mana, ya sa mu bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa tun muna da rai. Amin. Sai wani jiƙon.